Man Riɗi a Bayan Baka

Saude da Bashir, wannan babin naku ne ku biyu, kuma na san ba za ku ji daɗinsa ba. Shekara da shekaru kuna riƙe da babanku a zuci, kuna cewa bakinsa ne ya kori yayanku har ya bi hanyar teku. Kun faɗa a gabana, kun faɗa a bayan idona. Ke Saude, ko ranar da aka fita da gawar babanku sai da na ji ki a kicin kina gaya wa maƙwabciya, murya ƙasa-ƙasa, wai Allah ya jiƙansa amma taurin kansa ya ci mana mutum. Kun san kunnena, bai taɓa barina na huta ba, daga hawa na biyar nake gane takun kowa a matakala. Na ji ki sarai, na yi shiru kamar yadda na saba. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, kuma ba na so in je in tarar da mutumin nan da wannan kaya a kaina. Ɗan bokon da matar wani ɗalibi Bakano ta koya mini, da shi zan lallaɓa. Inda rubutun ya karkace ku gyara, amma kada ku gyara maganar.

Kun yi wayo a Alƙahira, saboda haka sai na koma baya kaɗan. Mu mutanen bakin kogi ne, can kudu da Sinnar, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gari. Gidan babanku gidan maharba ne, ubansa shi ne Sarkin Bakan garinmu. Ranar da aka kai ni, tun kafin a nuna mini murhu, uwar mijina ta kama hannuna ta kai ni inda bakuna suke rataye a bango. Ta ce a gidan nan aikin mace ne, kowace Juma'a da hantsi in maza sun shiga shirin masallaci, ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ta shafa musu man riɗi da tsumma, daga wannan kai zuwa wancan, ciki da baya, don kada itacen ya bushe ya tsage.

"Bakan da ya ji ƙishi," in ji ta, "ba a bango yake karyewa ba. A hannun mijinki yake karyewa, gaban abu mai ƙaho."

Ban taɓa tsallake Juma'a ba. Ko ina jego sai an miƙo mini su kan gado. Ni ba mai fita ba ce, ban san daji ba, ban taɓa ganin ɓauna da ranta ba, amma na san muryar kowane baka a gidan. In ana gwaji a bayan gida ina tuƙa tuwo, sai in ce wannan na wane ne, kuma tsirkiyarsa ta saki, a je a duba a tarar haka ne. Babanku kan ce da mace na zuwa farauta, da ya sallami karnukansa ya tafi da ni.

Da yaƙi ya taso mu, kowa ya ɗauki abin da yake ganin shi ne ransa. Wasu keken ɗinki, wasu 'yan kunnen zinariya a ƙugu. Babanku ya ɗauki bakunansa da gungumen itacen dargaza guda, tsawon mutum, da ɓawonsa, wanda ubansa ya sare ya ajiye a inuwa tun kafin ya rasu. Bakunan an karɓe su a hanya, aka ce makami ne. Gungumen kuwa aka yi masa dariya aka bar shi da abinsa, wani ma ya tambaye shi ko a Masar babu itacen girki ne. Haka muka hau da shi hawa biyar a unguwar Arba wa Nus, aka naɗe shi a tabarma aka tura ƙarƙashin gado. Nan ya kwanta shekaru, babanku ma kusan haka. Ya yi gadin wani shago, aka samu saurayi aka sallame shi. Ya koma zaman taga, yana kallon tantabarun mutane suna kewaya rufin gidaje, yatsunsa na dama suna motsi su kaɗai. Ni kuma duk Juma'a da hantsi sai hannuna ya riƙa neman abin yi, in goge tire, in sake goge shi.

Yayanku Magaji shi ya riƙe gidan. Kuna mini dariya in na ce "wancan" ko "mai dawakin", amma haka aka raine mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Magajin ma laƙabi ne da kakarsa ta sa masa, ita ta goye shi, a ɗakinta ya tashi. Ni in zan yi masa magana sai in fuskanci bango in ce, a gaya wa mutane tuwo na hucewa. Shi kuma ya amsa wa bangon, ya ce an ji. Can gefen Giza yake aiki, bakin sahara, wajen wani Bamasare mai suna Ustaz Samir, wanda yake da dawaki yana koya wa masu hali harbi daga kan doki. Mota biyu yake shiga kafin ya kai. Shara da wankan dawaki ne aikinsa, amma jinin gidan bai bar shi ba. Idonsa na kan bakunan da ake kawo musu daga waje, gajeru, masu lanƙwasa, waɗanda aka manna wa jijiyar dabba a baya. Wata rana ana cin abincin yamma ya kawo maganar, kuma da wasa ya fara.

"Baba, ashe saniya ko an yanka ta ba ta gama aiki ba."

"Sai a miya."

"A baka. Jijiyar ƙafarta ake busarwa, a daka ta ta koma kamar zare, a manna a bayan itacen da gam ɗin fata. In ka ja, jijiyar ce take miƙewa, in ka saki ta koma da ƙarfi. Kibiya tana fita kamar an koro ta."

Babanku ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai da ya kai loma uku sannan ya ce,

"Baka itace ne da tsirkiya, na ukunsu mai harbi. Duk abin da ka ƙara a kai, raunin itacenka kake ɓoyewa. Kakanka ya kashe ɓauna ba da taimakon mahauci ba."

"Kakana ba a kan doki yake ba, Baba. Kuma ba a Masar yake neman abinci ba."

Nan ya fito da ainihin maganar. Ustaz Samir ya gaji da jiran kayan waje. Ya ce in yayanku ya kawo baka mai jijiya na hannunsa, aka gwada aka ga kibiyarsa ta fi ta tsuran itace sauri, zai ba shi ɗaki a gefen bargar ya riƙa yi masa, shi da duk wanda ya ga dama ya ɗauka. Ubansa yake nufi, kowa ya gane. Babanku ya wanke hannu, ya durƙusa gaban gado ya jawo tabarmar nan da ba a taɓa kwancewa ba. Washegari a saman bene ya tsaga gungumen gida biyu, a hankali, yana yi yana bismillah.

"Rabi naka, rabi nawa," in ji shi. "Uwa ɗaya uba ɗaya, kada wani ya ce itace ne ya cuce shi. In naka ya riga nawa, ni da kaina zan zauna ina daka maka jijiya. In nawa ya riga, kada a sake shigo mini da maganar mahauta gida."

"Tamam, na yarda," in ji yayanku yana dariya. "Sai a fara neman turmi daidai hannunka."

Abin da ku ba ku ji ba, ni na ji. A makon nan ina shara kusa da ƙofa, sai ga muryarsa a matakala yana waya da abokansa na unguwar Hayyin Ashir, waɗanda kowa ya san suna haɗa kai za su bi ta Libiya su shiga jirgin ruwa.

"Ku ba ni wata huɗu," in ji shi. "Sai jijiya ta bushe. In abin nan ya yi, na zauna, ku gaida Turawa. In bai yi ba, khalas, shi ke nan, ku sa sunana. Na gaji da kwasar kashin dokin wani."

Tun daga ranar na san ba musun uba da ɗa ake yi a gidan ba. Zaman ɗana ko tafiyarsa aka rataya a tsirkiya.

Duk da haka, makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu a gidan nan ba. Babanku ya miƙe. Yana kartar itacensa da fasasshiyar kwalba, ya ɗaga shi ya kanne ido ɗaya, ya taka da ƙafa ya ja ya ga inda yake ƙin lanƙwasa, ya sake karta. Yayanku in ya dawo sai ya zauna gefensa da nasa, wanda ya gajarta, ya kuma fere shi siriri fiye da yadda itace zai jure shi kaɗai, don ya dogara da jijiyar da za ta riƙe masa baya. Suna yi suna tsokanar juna. Uban ya ce wannan ai muciya ce, a ba ni, Kulu, in tuƙa tuwo. Ɗan ya ce na Baba kuwa in bai yi harbi ba ya yi kiwo. Ranar da ya dafa guntayen fata a tukunyata don ya yi gam, wari ya sauka har hawa na biyu, maƙwabta suka aiko tambayar wa ya mutu. Ke Saude kika ce a gaya musu tukunyar Inna ce.

Sai wata Alhamis yayanku ya wanke bayan bakansa da ruwan toka, ya ɗora shi kan ƙusa biyu a bango, kusa da na ubansa da aka riga aka gama. Bai ce wa kowa komai ba. Shekarun da muka yi babu baka a gida sun mantar da shi al'adar Juma'a, ni ce ba su mantar ba. Juma'a ce ranar cikar aikinsu, ya fita tun da safe. Kai Bashir kuka tafi masallaci da babanku, Saude tana gidan da take aiki a unguwar Mohandessin. Na shigo ɗakin da hantsi na ga bakuna biyu a bango, farare, busassu, karo na farko tun da muka baro gida. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗauko kwalbar man riɗi da tsumma. Na sauke na babanku na shafe shi tas na mayar. Sannan na tsaya gaban ɗayan. Yaron da ban taɓa shafa wa kai a gaban mutane ba, ga abin hannunsa a gabana, kuma babu kowa a gidan. Na sauke shi na ɗora a cinya. Na shafa masa ciki da baya, itacen ya shanye kamar ƙasar rani, na ƙara, na sake bi, ina yi masa addu'o'in da ban iya yi masa a fili. Kafin la'asar babu sauran danshi, ɗan duhun da ya yi sai ka ce na toka ne, gidanmu kuwa dama kullum ƙanshin riɗi yake. Ranar Asabar ya manna jijiyarsa, layi bisa layi, ya rataye.

Bayan kwana uku ina tankaɗe a kicin, na ji ke Saude kina tambayar yayanku ko an hana taɓawa.

"Yanzu taɓa abinki," in ji shi. "Kafin a manna ne ake tsoro. Ko zufan yatsa ba a so. Maiƙo kaɗan in ya shiga itacen, gam ba zai kama ba, sai dai ya yi kamar ya kama."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Na daɗe a haka, garin yana zuba shi kaɗai.

Wata huɗu jijiyar ta yi tana bushewa, wata huɗu ina da damar magana. Wannan nake so ku riƙe, don man kuskure ne, shirun kuwa ba kuskure ba ne. Da na faɗa a makon farko, da ya ɓare ta ya karce itacen ya sake, da wuya amma da ya yiwu. Na ce wa kaina man kaɗan ne. Na ce itacen ya shanye, ya wuce can ciki. Na ce ta yaya zan tsaya gaban ɗan fari in ce na ɗauki bakanka na ɗora a cinya. Da na so, da ke na aika, Saude, kamar yadda nake aikenki da komai. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin waɗannan duka, wanda sai da na tsufa na yarda na dube shi. Ina kallon babanku ya dawo mutum, yana tafiya kafaɗa a miƙe, yana koya wa tsofaffin masallaci yadda ake zaɓen itace. Na tuna zaman taga. Na ce in yaron nan ya kayar da shi gaban Bamasare, ya koma mai daka wa ɗansa jijiya, me ya rage masa a duniya? Shi yaro yana da sauran shekaru, maganar waya kuma ai samari sun saba cika baki. Ban roƙi bakan ya lalace ba, Allah shaida ne. Na dai miƙa wa Allah abin da ya kamata in faɗa da bakina, na kira shi tawakkali.

Sau ɗaya na kusa. Wata safiya na kai masa shayi da kaina, abin da ban saba ba. Yana tsaye gaban bakan yana ƙwanƙwasa jijiyar da farce, yana jin yadda ta yi tauri. Na ajiye kofin ban fita ba. Ya juyo.

"Inna, akwai magana ne?"

Na dubi bango na ce,

"A sha kafin ya huce."

Ranar gwajin, bayan la'asar, Ustaz Samir ya hau hawa biyar ɗin nan yana haki, ɗauke da wani ɗan akwati mai ƙafafu wanda ake harba kibiya ta samansa ya nuna lambar saurinta. Aka kafa shi a saman bene, aka ninke tsohuwar katifa aka jingina da bangon tankin ruwa. Babanku ya ce kibiya ɗaya za a yi da ita, hannu ɗaya kuma, na Ustaz, ya ɗaura zare a jikin kibiyar daidai inda za a tsaya da ja. Ku biyu kuna wurin. Ni ina bayan shanya, tsakanin zanin gado biyu, ba na ganin lamba, kuma ko na gani ba ruwana da ita.

Na babanku aka fara. Tsirkiya ta yi magana, katifa ta amsa, tsakaninsu ɗan fili kamar ƙiftawar ido. Sau uku muryar ba ta canza ba, muryar gidanmu na bakin kogi ce sak. Ustaz Samir yana duba lambar yana rubutawa a tafin hannunsa, yana cewa tamam ya Hajj. Sai aka ɗana na yayanku. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har babanku sai da ya matso ya sake kallo. Da Ustaz ya fara ja, na riga kowa ji. Wata 'yar ƙara ce, ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa a ɗakin maƙwabta. Kibiyar ta tafi, amma filin da ke tsakanin tsirkiya da katifa ya fi na ɗazu faɗi. Ustaz ya dubi lambar, ya ɗan girgiza akwatin, bai rubuta ba.

"A sake," in ji yayanku.

Aka sake, ya fi na farko nawa. Ustaz ya nuna masa wani wuri kusa da mariƙi inda jijiyar ta ɗaga kamar farce, ya ce a bari haka. Yayanku ya karɓi bakan ya ce shi zai ja, hannun baƙo ne bai sani ba. Na buɗe baki a bayan zanin nan. Wallahi na buɗe. Ya ja har zaren, jijiyar ta zame daga itacen kamar ɓawon rake, itacen siriri ya rage shi kaɗai, ya karye da ƙarar da ta tashi tantabarun unguwa. Guntu ɗaya ya yanke shi a gira.

Abin da babanku ya faɗa kun riƙe shi, ni ma na riƙe.

"Ka gani. Abin da aka liƙa, ranar wuya yake sakin mutum. Rabin itacen ubana ke nan ka kashe."

Ba yaron yake kallo ba lokacin da ya faɗa, guntayen yake kallo a ƙasa. Amma ya faɗa. Ustaz Samir ya ce ma'alish, a yi haƙuri, sau biyu, ya naɗe akwatinsa ya sauka. Yayanku ya goge jinin da bayan hannu.

"Hannuna ne, Baba. Na ji."

Ya sauka bai ɗauki ko guntu ɗaya ba. Da wannan ya tafi, cewa hannunsa ne bai iya ba.

Kafin watan ya ƙare, wata safiya ya fito da 'yar jaka kamar mai tafiya aiki. Takunsa na ranar ba na aiki ba ne, na ji tun daga ɗaki. Ya durƙusa a ƙofar kicin.

"Inna, a yi mini addu'a."

Ko a lokacin da sauran dama. Kalma huɗu ce, ni na shafa mai. Na dubi tukunya na ce Allah ya tsare, Allah ya kai lafiya. Na ji shi yana sauka, bibbiyu yake tsallakewa kamar kullum, har ƙofar ƙasa ta rufe. Sau ɗaya ya kira wayar Saude daga bakin teku, ya ce gobe ko jibi za su shiga, a gaida Baba, a gaya wa mutanen kicin an gode. Daga nan shiru. Kun fi ni sanin ofisoshin da kuka zaga, da hotunan da aka sa ku duba. Babu gawa, babu kabari, babu ranar da za a ce yau ce ta zaman makoki.

Kuka daina zama cin abinci da babanku. Ya gani. Guntayen bakan ya kwashe tun ranar, ya naɗe a tabarmar nan ya mayar ƙarƙashin gado. Bayan wasu watanni, wata safiya kun fita, ya jawo su ya zauna bakin taga. Ina tsaye a ƙofa. Ya daɗe yana juya su. Ya duba jijiyar, gam ɗin yana manne da ita tas, itacen kuwa sumul kamar ba a taɓa liƙa masa komai ba. Ya karci bayan da farce, ya kai hanci. Bai juyo ba. Washegari mutumin da ya ce kada a shigo masa da maganar mahauta ya tafi wajen mahauci da ƙafarsa. Ya sayo jijiya ya busar, ya zauna yana daka ta a turmina, kamar yadda ya yi alkawari. Ya sauke bakansa, wanda ya ci gwajin, ya karce bayansa sosai har ya wuce inda mai ya taɓa kaiwa, ya wanke da ruwan toka ya ɗora kan ƙusa. Ranar Alhamis ce. Ya tsaya ya fuskanci bango, ni ina bayansa, ya ce,

"A gaya wa mutanen gidan, wannan kada a shafa masa mai gobe."

Na zauna a ƙasa. Na ce ya bar ni in gaya muku, ku daina ɗora masa abin da ba nasa ba.

"Nawa laifin yana ciki, ai na yi maganar," in ji shi. "Kuma uba ana iya fushi da shi a rayu. Ki bar musu uwa."

Ya manna jijiyar, wata huɗu ya jira. Sannan wata rana da hantsi ya ce in biyo shi sama. Babu Ustaz, babu akwati, katifar nan dai tana wurinta, rana ta cinye ta. Ya tsaya daidai inda aka tsaya, da kibiyar nan mai zare. Ya ce in rufe ido. Na ji numfashinsa yana rawa, don bakan ya ƙara ƙarfi shi kuma ya ragu. Babu ƙas ko ɗaya. Tsirkiya ta yi magana, katifa ta amsa kusan a bakinta. Ya sake har sau uku.

"Kin ji, Kulu?"

"Na ji."

"Ya fi?"

"Ya fi. Ba da yawa ba."

"Amma ya fi."

Ya zauna a kan siminti da bakan a cinyarsa, ya daɗe yana shafa jijiyar da babban yatsa.

"Yaron ya yi gaskiya," in ji shi. "To wa zai gaya masa?"

Bai sake ɗana baka ba har ya koma ga Allah. Shi ne wannan da ke rataye a ɗakina, wanda kuke zaton na yayanku ne aka gyara. Na babanku ne, da dabarar yayanku a bayansa. Na riƙe umarninsa shekarun nan don ya ce in riƙe, kuma don ya yi mini daɗi in riƙe, wannan ma gaskiya ce. Yanzu na saɓa masa, in mun haɗu na ba shi haƙuri. Ku je kabarinsa ku nemi gafararsa, ni kuma ku yi da ni yadda kuka ga dama.

Duk Juma'a da hantsi nakan zauna a kan hannuwana har a sauko daga masallaci. Ɗana kuwa, sunansa Haruna. Yau na fara rubuta shi, bakina har yanzu bai iya ba. In kun gama karantawa ku zo ku same ni, ina nan kusa da ƙofa, inda ake jin matakala.